Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tace Fina-finai Da Ɗab'i Ta Jihar Kano Kan Gidajen Gem Da Wasannin Waya

Ranka ya daɗe Shugaban Hukuma, tare da sauran ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma yi muku fatan Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni mai gidan gem ne a Kurna. Na faɗi haka tun daga farko don kada wani ya ce na ɓoye inda tuwona yake fitowa. Duk abin da zan faɗa, ku auna shi da sanin cewa da wannan sana'ar nake ciyar da iyalina. Amma kuma ni uba ne, kuma wanda yake wuni da yaran unguwa yana jin hirar da ba sa yi a gaban iyayensu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka buɗe layi a rediyo kan lalacewar tarbiyya, ba a rasa mai bugowa ya ce a rufe gidajen gem kowa ya huta. Wani lokaci har a kan mumbari ana faɗa. Tunda ku ne aka ɗora wa sa ido kan abin da jama'a suke kallo da wuraren da suke taruwa su kalla, na san wata rana maganar za ta iso teburinku, idan ma ba ta riga ta iso ba. Ina so kafin ku yanke hukunci ku ji daga bakin wanda yake ciki.

Masu ƙorafin nan ba ƙarya suke yi ba. Akwai yaron da yake fita da jakar makaranta ya ƙare a gaban talabijin har azahar. Akwai wanda yake zarar kuɗin cefane. Akwai gidan gem ɗin da ko ni ba zan bar ɗana ya leƙa ba, saboda hayaƙin da yake tashi a ciki ba na janareto kaɗai ba ne. Inda na saɓa da su shi ne maganin da suke kawowa.

An kafa hukumarku a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar nan a 2000. A wancan zamanin fim yana da hanya guda da yake bi: daga furodusa zuwa ɗan kasuwa, daga ɗan kasuwa zuwa shagon haya da gidan kallo. Duk wanda ya tsaya a kan wannan hanyar ya tare komai. Haka gem ma yake a lokacin. PlayStation 2 ta fito a 2000, kuma kafin ta wadata a garin nan, yaro bai da inda zai taɓa fad, wato madannin da ake riƙewa a buga gem, sai a shagon wani. Waɗanda suka girma a lokacin za su tuna ƙwallon Winning Eleven da mai sharhinta na Japananci, wanda babu mai jin abin da yake faɗa amma kowa ya haddace ihunsa, da yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba don gudunsa da ƙarfin ƙafarsa. A lokacin idan ka sa wa shago kwaɗo, ka rufe gem a layin nan gaba ɗaya.

Yanzu ba haka abin yake ba. Ku aika wani ya zagaya Farm Centre ko Beirut Road ya ga wayoyin da samari suke saye, ya tambayi abin da suke fara dubawa. Ba kyamara kaɗai ba ce, tambaya suke ko za ta ɗauki PUBG ba ta yi zafi ba, ko Call of Duty zai tafi ba ya sarƙewa. Free Fire kuwa ko a ƙaramar waya yana tafiya, shi ya sa ya fi yawa a hannun ƙananan yara. Waɗannan wasannin ba sa bi ta hannun ɗan kasuwar Kano, ba sa bi ta shagona, ba sa bi ta ofishinku. Daga ma'ajiyar kamfani a wata ƙasa suke saukowa kai tsaye cikin ɗakin yaro, da datar da sau da yawa mahaifiyarsa ce ta saya masa don ya yi aikin makaranta. Idan aka rufe gidajen gem gobe, an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da yake buga ƙwallo a gabana, ƙofa a buɗe, maƙwabta suna wucewa, zai koma ƙarƙashin bargo da abin ji a kunne, yana magana da mutanen da babu wanda ya san ko su wane ne. Wanda bai da waya kuma zai koma bakin kwalbati, kuma kun fi ni sanin abin da ake koya a can a shekarun nan na faɗan daba da ƙwacen waya.

Ba ina nufin duk abin da yake cikin gem halal ne tsarkakakke ba. GTA V, wanda ya fito a 2013 kuma har yau ana nemansa, wasa ne na sata da kisa da gidajen rawar tsiraici, kuma masu shi da kansu ba su ce na yara ba ne. Lambar shekara 18 ce a jikinsa. Matsalar ita ce a garin nan kusan babu mai ganin kwalin. Za ka kai na'urarka kasuwa a cika maka ita da wasanni, ko ka sayi wadda aka riga aka loda, GTA yana nan gefe da gefe da ƙwallo da tseren mota. Uba ya saya wa ɗansa ɗan shekara goma a matsayin kyautar saukar Alƙur'ani, bai san abin da ya shigar gidansa ba. Wannan ita ce ɓarakar da nake so ku duba, kuma ana iya toshe ta.

Akwai kuma abin da ya fi tsiraici zafi a wurinmu, wato taɓa addini. Ya faru, ba sau ɗaya ba. A 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet daga shaguna a duniya baki ɗaya ana dab da fara sayar da shi, saboda an gano wata waƙa a ciki tana ɗauke da ayoyin Alƙur'ani a kan kiɗa. A 2012 kamfanin Activision ya cire wani fili daga Call of Duty na ɗan lokaci, bayan an lura da rubutun hadisi a jikin firam ɗin hoto da aka rataye a banɗaki. A 2020 PUBG ta waya ta shigo da wani salo da ɗan wasa yake rusunawa gaban gunki don ya samu ƙarin ƙarfi. Musulmi, musamman a ƙasashen Larabawa, suka yi ca, kamfanin ya cire abin ya ba da haƙuri. A 2021 aka sake ganin shafukan Alƙur'ani zube a ƙasa a wani sabon Call of Duty, nan ma aka cire aka nemi afuwa. Ku duba su wa suka gano waɗannan abubuwan. Babu ko ɗaya da wani jami'i ya gano daga ofis. Matasan Musulmi ne masu buga wasan, waɗanda suka iya karatun Larabci, suka tsaya suka ƙura ido a bango suka ce wannan ba daidai ba ne. Irin yaran da ake kira 'yan iskan gari saboda an gan su da fad a hannu, su ne suka tsare wa addini mutuncinsa a wurin da malami bai taɓa shiga ba. Muna da irinsu a Kano, da yawa, wasu ma mahaddata ne. Hukumar da take son sanin abin da yake cikin wasannin nan tana buƙatarsu a kusa da ita.

Game da haramtawa kuwa, wasu ƙasashe sun riga mu gwadawa, kuma ƙasashe ne da suka fi mu kuɗi da kayan aiki. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, sannan wasa ya koma waya, wadda dokar ba ta shafa ba. A 2021 gwamnati ta sanar da soke ta, ta mayar da zaɓin lokaci hannun iyaye. Pakistan ta dakatar da PUBG a watan Yulin 2020, kafin watan ya ƙare ta janye. Indiya ta haramta shi a Satumbar 2020, kuma dalilinta ma na tsaro ne da rikicinta da Sin, ba na tarbiyya ba; a 2021 ya dawo da sabon suna. Ƙasar da ta fi kowa matsawa ita ce Sin, wadda a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako, awa ɗaya a daren Juma'a da Asabar da Lahadi. Amma Sin tana da rajistar suna na gaskiya ga kowane ɗan wasa, manyan kamfanonin a ƙasarta suke, har na'urar gane fuska suke amfani da ita. Kano ba ta da iko da layin sadarwa ko ɗaya. Wannan hurumin gwamnatin tarayya ne. Ita kanta tarayyar, da ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, abin da ta cimma shi ne koya wa matasa amfani da VPN, manhajar da ake zagaye toshewar intanet da ita. Har yau yana cikin wayoyinsu.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare, daidai gwargwado, shi ne lambar shekaru. Asalinta ma daga irin hayaniyar da muke yi yanzu ne. A 1992 wasan Mortal Kombat ya fito a Amurka da jini da cire kai, iyaye suka tayar da hankali, Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zama a kai a ƙarshen 1993, a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa kowane wasa alamar shekarun da ya dace da su. Turai ta bi da nata tsarin, PEGI, a 2003: lamba 3 da 7 a kore, 12 da 16 a ruwan lemo, 18 a ja. Bayan lambar akwai ƙananan hotuna masu bayani: dunƙulen hannu yana nufin faɗa, gizo-gizo yana nufin abin tsoro, allura tana nufin ƙwaya, ɗan lido yana nufin caca. Ko a Play Store na wayar da take aljihunka, ranka ya daɗe, kowane wasa yana da lambarsa a ƙarƙashin sunansa. An riga an yi aikin. Abin da ya rage shi ne babu wanda ya taɓa yi wa uwa a Rijiyar Lemo ko Ɗorayi bayanin wannan lambar da Hausa.

Ga aikin da nake ganin babu wanda ya dace da shi kamar ku. Wasannin da suke yawo a garin nan ba su da yawa. Duk mai gidan gem zai iya lissafo muku su a zama ɗaya. Ku zaunar da malami da malamin makaranta da uwa da matasa biyu ko uku da suka san wasan, a kunna a gani, a rubuta a takarda guda da Hausa: wannan ƙwallo ce, babu komai sai tallan da ke gefen fili, wannan harbi ne, kuma ana hira da baƙi a ciki, wannan akwai tsiraici, bai dace da kowa ba. Ba dole ku bi ma'aunin Turawa ba, don abin da suka ɗauka ba komai ba a wurinmu wani abu ne, musamman shigar mata da giya. Ku yi naku ma'aunin. A liƙa takardar a kowane gidan gem da kowane shagon da ake loda wasa, a karanta ta a rediyo, a tura wa makarantun Islamiyya. Sannan a ce wa masu lodi: wasan da aka sa wa jan layi, ba a zuba wa yaro shi. Wanda ya zuba, ku hukunta shi, ba zan ce uffan ba. A haɗa da koya wa iyaye cewa akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta, wadda uba zai iya ƙayyade awannin wayar ɗansa da ita, ya kuma hana saukar da abin da ya wuce shekarunsa. Shiri ɗaya na rabin awa a rediyo ya isa a koyar da wannan.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda masu bugo waya rediyo ba su cika ambata ba, wato caca. A ganina jinin da yake zuba a allo bai kai ta haɗari ba, don yaro ya san na ƙarya ne. Kuɗin da yake fita daga aljihu kuwa na gaske ne.

Kashi uku take zuwa. Na farko yana cikin wasan kansa. A ƙwallon kamfanin EA, wadda aka sani da FIFA kafin su rabu da hukumar ƙwallon ta duniya ta koma FC a 2023, akwai sashen da kake sayen rufaffen ƙunshi na 'yan wasa ba ka san wanda yake ciki ba. Wataƙila babban tauraro, galibi tarkace. Haka akwatunan PUBG da juya-juyar Free Fire da ake yi da daimon, wato kuɗin cikin wasan. Canki-canka ce aka sa mata kaya masu walƙiya. Kuma wannan ƙwallon ta yi shekara da shekaru tana ɗauke da lambar 3, wato ta dace da kowa, abin da yake nuna muku cewa lambar Turawa kaɗai ba ta isa ba. Beljiyam, wadda ba ƙasar Musulmi ba ce, ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ta daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. Idan su sun gane haka, mu da muke karanta aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba mu da uzuri. A garin nan akwai masu sana'ar sayar wa yara daimon da kuɗin PUBG, ka tura musu naira su zuba maka. Waɗannan a Kano suke, ana iya zama da su.

Na biyu shi ne wanda yake ɓata mana suna: shagon da za ka ga talabijin a jere da hoton 'yan ƙwallo, ka ɗauka gidan gem ne, alhali babu fad ko ɗaya a ciki. Kwamfuta ce take buga wa kanta wasa na 'yan mintuna, mutane suna zuba kuɗi a kan sakamako. Wannan ba gem ba ne ko kaɗan, gidan caca ne. Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a 2024, kuma a Nuwamban 2024 ɗin Kotun Ƙoli ta yanke cewa harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. To hanya a buɗe take. Roƙona shi ne duk jami'in da za a tura ya san bambancin wuraren biyu kafin ya fito da kwaɗo. Bambancin bai da wuya: a ɗaya yaro yana biyan kuɗin lokaci ya yi wasa da hannunsa, a ɗayan yana ba da kuɗi ya karɓi 'yar takarda ya jira.

Na uku a cikin gidanmu yake, kuma abokan sana'ata ba za su ji daɗin na faɗa ba. Al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa ta zama jiki, har ba a ganin komai a cikinta. Daga nan ake tashi zuwa ajiye kuɗi a hannun ɗan kallo, wanda ya ci ya kwashe. Yawancin faɗan da ake yi a gidan gem daga nan yake tashi, ba daga kwaikwayon abin da aka gani a allo ba. Ni ba malami ba ne, amma na san malamanmu na Malikiyya sun yi magana mai tsawo a kan wasanni tun kafin a san lantarki. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya ce babu alheri a wasan shaɗaranji, wato wanda Turawa suke kira chess, wasu malaman kuma suka sassauta idan babu kuɗi kuma bai hana salla ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne kuɗin da ake sawa daga ɓangarori biyu. Ina so malamai su yi wa matasa wannan bayanin dalla-dalla, da sunayen abubuwan da suka sani. Idan aka ce musu gem gaba ɗaya haram ne, sai su toshe kunne, har da ɓangaren da ya kamata su ji.

Maganar jaraba gaskiya ce, amma a sa ta a ma'auninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin lalura a 2019, sai dai ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutar da yake gani, kuma galibi abin ya kai shekara guda. Ba duk yaron da ya yi awa biyu ranar Asabar ba ne. Wanda ya kai wancan matakin kuwa likita yake buƙata da iyayen da za su zauna da shi. Abin da ya fi wannan saurin cutarwa shi ne hirar murya da ake yi a cikin wasannin harbi, inda yaro ɗan shekara goma sha biyu yake haɗuwa da ƙaton da bai sani ba, daga wasa a koma musayar lamba. 'Yan mata ma suna ciki, kada a ɗauka na maza ne kawai don ba a ganinsu a shagunanmu; a ɗaki suke bugawa.

Mu masu gidajen gem, ku ɗaure mu da sharuɗɗa, amma rubutattu, waɗanda kowa zai iya karantawa. Yaro da kayan makaranta kada ya shiga, haka lokacin Islamiyya. In an kira salla a kashe talabijin. Wasan ƙwallo minti goma ne, babu wanda zai mutu. Ƙofa a buɗe, babu labule, babu ɗakin ciki, babu sigari balle abin da ya fi ta. A sa lokacin tashi da dare, a kuma yi wa azumi nasa tsarin, don kowa ya san yadda samari suke raba dare a watan har sahur. Mai unguwa ya san da zaman kowane shago, ya zama yana da ta cewa kafin a sabunta rajista. Da yawanmu muna yin wasu daga cikin waɗannan da kanmu, amma wanda ya kori 'yan makaranta yana kallo za su tsallaka shagon gaba, shi ya yi asara. Doka ce kaɗai za ta daidaita mu. Sai dai a sa kuɗin rajista daidai ƙarfin mai talabijin uku da janareto, a fayyace hannun da zai karɓa, a ba da rasit. Idan kuɗin ya yi nauyi, masu gaskiya ne za su rufe, marasa gaskiya su koma cikin lungu inda ba mai ganinsu.

Akwai wani ɓangaren da ban cika jin ana tattaunawa a nan ba. Saudiyya, wadda babu mai zarginta da sakaci da addini a garin nan, ta karɓi gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Ban ce duk abin da Saudiyya ta yi hujja ba ne, na kawo shi ne don a san girman abin. A Legas kamfanin Maliyo yana ƙera wasannin waya tun 2012. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fitar da wasansa mai suna Aurion a 2016, da labari da sutura na Afirka. Mu da muke da dambe da kokawa da langa da dara, muke da hawan salla da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024, muke da ganuwa da Dala da Kurmi, har yanzu 'ya'yanmu sun fi sanin titunan wani birnin ƙage na Amurka fiye da ƙofofin garinsu. Akwai ɗalibai a Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu da suke koyon rubuta manhaja. Idan wani a cikinsu ya ƙera ɗan wasan dambe na waya, kada abin da zai fara cin karo da shi ya zama fom da kuɗin tacewa irin na furodusan fim. A duba masa kyauta, a ba shi shawara, in ya yi kyau ku yaba masa a bainar jama'a. Hukumar da take hana mummuna tana da damar nuna kyakkyawa, kuma yaro ya fi saurin barin abu idan an miƙa masa wani.

Abin da nake roƙo a yanzu ƙarami ne. Kafin a fitar da wata sanarwa a kan gem, ku kira zama: masu gidajen gem, masu lodi na Farm Centre da Beirut, masu sayar da daimon, wakilan Hisbah, malamai, ƙungiyoyin iyaye, da matasan da suke bugawa, maza da mata. A fitar da daftarin sharuɗɗan da Hausa, a karanta a rediyo, a ba mutane wata guda su yi magana, sannan a ba mu wa'adin gyara kafin a fara kame. Ranar zaman, idan kun amince, mu za mu kawo talabijin da na'ura da janareto, a kunna wasannin da ake magana a kansu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, har da waɗanda mu kanmu muke jin kunyarsu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gidan gem,
Kurna, Kano.